Ciwon 'Ya Mace Na 'Ya Mace Ne: Ɗalibar Ƙanƙara Da Faskari Da Sabuwa A Ƙungiyar 'Yan'uwanta Mata

Duk yarinyar da ta taso daga Sabuwa za ta karatu jami'a a Zariya, da wuya a buɗe kayanta a rasa abubuwa uku. Akwai ƙuli-ƙuli da yaji da garin da uwa ta kwana tana haɗawa, akwai 'yan kuɗin da aka samu bayan an sayar da buhun masara ko tunkiya, akwai kuma gargaɗi. Wannan na ukun ya fi sauran nauyi, domin shi ake maimaita mata tun daga ɗakin uwa har bakin tasha: karatu aka aike ta, ba tara ƙawaye ba, ta kama kanta, ta kuma yi nesa da duk wani abu mai suna ƙungiya. Da wannan gargaɗi a kunne za ta wuce Ɗandume, ta sake mota a Funtuwa, ta ratsa Giwa, har ta sauka a Samaru. Haka ma 'yar'uwarta ta Faskari da ta nufi Kano, da ta Ƙanƙara da ta nufi Dutsinma ko Katsina.

Babu mai hankalin da zai raina gargaɗin iyaye. Amma manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa rabin wannan gargaɗi gaskiya ne, ɗaya rabin kuwa, idan yarinya ta riƙe shi kamar yadda aka faɗa mata, yana iya zama sanadin komawarta gida ba tare da takardar da aka aike ta nema ba. Ɗalibar da ta fito daga waɗannan ƙananan hukumomi uku tana cikin waɗanda suka fi kowa bukatar ƙungiyar 'yan'uwa mata, kuma garinsu ma yana bukatar ta shige ta.

Kafin a kawo hujja, ya kamata mai karatu ya tuna daga inda wannan yarinya ta fito. Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa mazaɓa ɗaya ce a Majalisar Wakilai ta Tarayya, suna kwance a gefen Jihar Katsina inda ta yi iyaka da Zamfara da kuma ƙasar Birnin Gwari ta Jihar Kaduna. Ƙasa ce ta noma wadda a da ba a san ta da komai ba sai albarka: masara da dawa, audugar Daudawa wadda ta yi suna tun zamanin Turawa, kasuwar Sheme, da farar ƙasar Ƙanƙara. Shekarun baya-bayan nan ne suka sa mata wani suna dabam. A daren 11 ga Disamba, 2020, 'yan bindiga suka shiga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara, suka kora ɗalibai maza fiye da 300 cikin daji, ba a sako su ba sai bayan kwana shida, gwamnatin jiha kuwa ta rufe makarantun kwana. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da waɗannan uku, aka yi watanni na nesa bai ji muryar na gida ba. A farkon 2024 aka tare 'yan rakiyar amarya a yankin Damari ta Sabuwa, aka tafi da mata masu yawa. Yara maza aka kwasa a Ƙanƙara, amma duk wanda ya san halin iyaye ya san a kan 'ya'ya mata abin ya ƙare, domin uban da ya tsorata, 'yarsa yake fara cirewa daga makaranta, balle da labarin 'yan matan Jangebe ya biyo baya cikin Fabrairun 2021.

Saboda haka yarinyar da ta kammala sakandare a cikin wannan hali, ta ci jarrabawar shiga jami'a, har ta samu gurbi, siraɗi ta tsallake. Sau da yawa ita ce ta farko a gidansu, wani lokaci ma a unguwarsu. Watau ba ta da yayar da ta riga ta taka wannan ƙasa, balle ta nuna mata inda rami yake.

Abin da ke mayar da irin wannan ɗaliba gida kuwa, ba kasafai yake zama wuyar karatu ba. Wadda ta yi bitar darasi da tocila a garin da ake kwana da takalmi a ƙafa, ba lacca ce za ta kayar da ita ba. Ƙananan abubuwa ne ke taruwa su yi mata rubdugu. Rajista ta koma ta intanet, kafin ta san an buɗe shafin neman ɗakin kwana gadaje sun ƙare. Guzuri ya ƙare ana tsakiyar zango, ga kunyar roƙo. Zazzaɓi ya kama ta da tsakar dare, babu mai raka ta asibitin makaranta. Wani malami maras tsoron Allah ya lura ba ta da kowa, ya fara kiranta ofis ba dalili. Sa'an nan ga babbar, watau wayar da ke zuwa daga gida cewa an tafi da baba ko kawu, ana haɗa kuɗin fansa, kuma gonar da ake biya mata kuɗin makaranta da ita ce aka sa a kasuwa. Ɗalibi namiji idan irin wannan ta same shi yana da sahun masallaci, yana da teburin mai shayi, yana da filin ƙwallo, ko'ina ya zauna wani zai ga fuskarsa ya tambaye shi lafiya. Ita kuwa da kunya aka raine ta, ba ta da abokin shawara sai bangon ɗaki. Shiru ya zama fashin lacca, fashin lacca ya zama faɗuwa jarrabawa, sai a wayi gari a ji wance ta koma gida an ɗaura mata aure, mutanen unguwa su ce ai dama boko bai karɓe ta ba.

Amfanin ƙungiya na farko shi ne takan tare waɗannan abubuwa tun suna ƙanana. 'Yar aji uku ta san ranar da ake buɗe shafin ɗakin kwana, ta san malamin da ba a zuwa ofishinsa sai da rakiya, tana kuma da tarin tambayoyin jarrabawar shekarun baya a ƙasan akwatinta. Asusun da kowace ke jefa 'yan nairori a cikinsa duk wata ba zai biya kuɗin fansa ba, amma zai riƙe tukunyar yarinya har a gama jarrabawa, zai kuma biya mata kuɗin motar zuwa gaisuwa ta dawo. Ƙarar da ɗaliba ɗaya za ta kai a ce ƙazafi ta yi, idan ɗalibai goma suka kai ta, wata malama tana gabansu, tilas a buɗe fayil. Har batun tsaro ma ya shigo ciki. A watan Satumba na 2023 an sace ɗalibai mata na Jami'ar Tarayya ta Gusau daga gidajen haya a wajen makaranta, a watan Oktoba kuma aka sace ɗalibai mata biyar na Jami'ar Tarayya ta Dutsinma, su ma daga masaukinsu na cikin gari. Ƙungiya ba ta da bindigar da za ta hana wannan, amma ɗalibar da ke haya a bayan gari tana bukatar wadda ta san ƙofar ɗakinta, ta san lambar gidansu, wadda kuma za ta tayar da magana tun da asuba idan ba a gan ta ba.

Abin mamaki a nan shi ne, uwar da ke hana 'yarta shiga ƙungiya ita kanta 'yar ƙungiya ce tun tana budurwa, sai dai ba ta kira abin da wannan suna ba. Tana da ƙawa wadda suka ƙulla ƙawance a gaban shaidu, tana zubin adashi, tana da waɗanda take yi wa biki su ma su rama mata ranar nata, tana da uwar ɗaki da take kai wa kuka. Ranar haihuwarta waɗannan ne suka dafa ruwan wanka, ranar rasuwa su ne suka kwana da ita. Akwai shaida rubutacciya a kan wannan tsari daga nan kusa. A garin Giwa, kan hanyar Funtuwa zuwa Zariya, wata tsohuwa, Baba mutuniyar Karo, ta ba wata Baturiya, Mary Smith, labarin rayuwarta a tsakanin 1949 da 1950, aka buga shi da Turanci a 1954. Duk wanda ya karanta zai ga yadda aure ke mutuwa a sake wani, a bar gari a koma wani, amma ƙawance yana nan, haka kuma dangantakar yaya da ƙanwar rana, watau yarinyar da babba ta zaɓa ta riƙe kamar ƙanwarta alhali ba su haɗa jini ba. Ashe ke nan Bahaushiya ba ta taɓa rayuwa ita kaɗai ba. Ɗalibar jami'a ce kawai aka ɗauke daga cikin wannan rumfa, aka ajiye ta a rana, aka kuma ce kada ta kafa wata.

A ƙasar Amurka wannan bukata ce ta haifar da abin da suke kira sororiti, kalmar da ta samo asali daga sunan 'yar'uwa a harshen Latin. Ƙungiyoyi ne na ɗalibai mata a jami'o'i, masu suna da haruffan Girkanci, waɗanda mace ke shiga tana ɗaliba ta kuma zauna a ciki har tsufanta. Wadda ta fi dacewa da wannan magana ita ce Alpha Kappa Alpha, wadda wasu 'yan mata baƙar fata suka kafa a Jami'ar Howard da ke birnin Washinton a 1908, a zamanin da jikar bayi mai zuwa jami'a abar nunawa da yatsa ce. Daga 1935 zuwa 1942, duk lokacin dogon hutu, ƙungiyar takan tura ayari ƙarƙashin wata likita, Dorothy Ferebee, zuwa karkarar Misisipi, wurin baƙar fata masu aikin gonakin auduga. Da masu gonakin suka hana ma'aikatansu zuwa inda aka kafa wurin shan magani, sai matan suka loda magunguna a motocinsu suka bi mutane har bakin gona, suka yi wa dubban yara rigakafin agana da mashaƙo. Kamala Harris, wadda ta riƙe muƙamin mataimakiyar shugaban Amurka daga 2021 zuwa 2025, 'yar wannan ƙungiya ce tun tana ɗaliba.

Ba a kawo wannan misali don a ɗauko tsarin Amurka ɗungurungum ba. Yawancin irin waɗannan ƙungiyoyi nasu zaɓe suke yi, su ɗauki wadda suka ga dama su ƙi wadda suka ga dama, kuɗin shigarsu yana da nauyi, an kuma sha kama wasunsu da laifin wahalar da sababbin shiga da sunan gwaji. 'Yar manomin Faskari ba ta da abin yi da ƙungiyar da za ta dubi takalminta kafin ta buɗe mata ƙofa. Abu biyu ne kawai abin ɗauka a wurinsu: zumuncin da ba ya yankewa ranar da aka karɓi digiri, da kuma al'adar loda kaya a mota a bi mutane inda suke.

Wannan na biyun ma ba sai an je Amurka koyonsa ba. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka haifa a 1793, ta riga matan Howard da shekaru masu yawa. Ta ga matan karkara ba za su iya barin gidajen aurensu su zo Sakkwato ko Wurno karatu ba, sai ta kafa tsarin da aka sani da 'Yan Taru. Daga kowane gari akan samu mace dattijuwa mai amana a naɗa ta jaji, a ba ta malfa da jan rawani alamar muƙaminta. Jaji takan jagoranci ayarin tsofaffi da 'yan mata su zo wurin Nana, su koyi karatu ta hanyar waƙoƙin da ta tsara da Hausa da Fulatanci, sa'an nan su koma garuruwansu su koyar da waɗanda aure da goyo suka tsare. Aikinsu bai tsaya ga karatu ba, har da jinyar marasa lafiya, da wankan gawar mata, da sasanta masu husuma. Bayan rasuwar Nana ƙanwarta Maryam ta ci gaba da riƙon tsarin. Abin lura a nan shi ne darajar jaji tana ga komawarta. Wadda ta zo ta sha karatu ta zauna a birni ba ta cika sharaɗin malfa ba. Ɗalibar Sabuwa da ke kwana a ɗakin Amina na Jami'ar Ahmadu Bello, ko ta Ƙanƙara da ke ɗakin Nana a Jami'ar Bayero, ko ta sani ko ba ta sani ba, jajin unguwarsu ce, domin ita ce aka tura ta jiyo.

Wace ƙungiya ce za ta shiga? A jami'o'in Arewa babu sororiti irin na Amurka, kuma ba a yi asara ba. Akwai sashen mata na Ƙungiyar Ɗalibai Musulmi, wadda aka kafa a Ikko a 1954. Ɗaliba Kirista, ga ƙungiyar ɗalibai ta addininta, wadda ba ta rasa kama da Zumuntar Mata da ta baro a cocin garinsu. Akwai ƙungiyar ɗaliban Jihar Katsina da na ƙananan hukumomi, akwai kuma na sassan karatu. A wajen makaranta ga manyan da ke jiranta: Jam'iyyar Matan Arewa tun 1963, da Tarayyar Ƙungiyoyin Mata Musulmi ta Nijeriya, FOMWAN, wadda aka kafa a Minna a 1985, Hajiya Aisha Lemu ta zama amirarta ta farko, ta kuma yi suna wajen gina makarantu da asibitoci. Sai dai a faɗi gaskiya, ƙungiyoyin ɗaliban jiha da na ƙananan hukumomi galibi na maza ne, mace ba ta da kujera a ciki sai ta kula da walwala, watau rabon lemo ranar taro. Idan ɗalibai mata na wannan yanki suka ga haka, babu dokar da ta hana su zauna su goma ko goma sha biyar su kafa tasu, su yi mata rajista, su roƙi wata malama ta zama uwar ƙungiya.

A nan ne ya kamata a dawo kan rabin gargaɗin iyaye da aka ce gaskiya ne. Tsoronsu yana da tushe. Ƙungiyoyin asiri sun yi ɓarna a jami'o'in Nijeriya, abin da ya faro a Ibadan a 1952 kamar wasan samari ya rikiɗe a hannun na baya ya zama na sara da harbi, har aka kashe ɗalibai biyar a Jami'ar Obafemi Awolowo ta Ife ranar 10 ga Yuli, 1999, kuma an san akwai irinsu na mata. Ban da su ma akwai ƙawancen banza, wanda ke fara wa yarinya da aron gyale ya ƙare da kai ta ɗakin otal. Amma maganin mugun abinci ai ba yunwa ba ne. Bilhasali ma wadda kaɗaici ya dama, wadda guzurinta ya ƙare ba wanda ya sani, ita ce ta fi sauƙin kamu, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Rarrabe ta gari da ta banza kuma ba wuya. Ta gari sunanta yana ofishin kula da harkokin ɗalibai, da rana take taro a inda kowa ke gani, ba ta rantsar da kowa a kan ɓoye sirri, littafin kuɗinta a buɗe yake, kuma ɗaliba za ta iya ba mahaifinta labarin duk abin da aka yi a taro ba tare da ta tsallake komai ba. Wadda ta kasa wannan gwaji na ƙarshe, a bar ta ko da sunan addini ta zo.

Akwai wata suka kuma wadda ba daga iyaye take fitowa ba, daga ɗaliban da suka shiga suka fito take, kuma ta fi ta farko ciwo domin akwai gaskiya a cikinta. Sukan ce ƙungiyoyin mata sun zama dandalin anko da walima. Shekara ta zagayo ba a yi komai ba sai zaɓe, da rigimar wa za ta zama shugaba, da liyafar bankwana wadda kuɗin atamfarta ya fi kuɗin abincin wata guda na 'yar ƙauye. 'Yan birni masu Turanci a baki su ne a gaba, 'yar Yankara ko Damari tana kujerar baya, ba a tuna da ita sai za a share zaure. Idan an ce za a yi taimako, sai a sayi sabulu da omo a kai gidan marayun cikin birni, a yi hotuna a watsa a Facebook, a gayyato matar wani ɗan siyasa ta yi jawabi, shi ke nan an sauke nauyi. Duk wannan yana faruwa, kuma ƙungiyar da ta tsaya a nan ba ta cancanci ko kuɗin katin shiga ba. Sai dai ba a taɓa gyara ƙungiya daga waje ba. Muddin 'yan karkara suna jin tsoron shiga, 'yan anko ne za su ci gaba da riƙe ta, su kuwa ba su san hanyar Sheme ba balle su bi ta.

To, wane aiki ne ɗalibai mata za su iya yi wa Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, su da ba su da kuɗi, ba su da mota, ba su da iko? Suna da abin da gwamna da kwamandan soja da jami'in ƙungiyar agaji namiji ba su da shi, watau izinin wuce zaure. A ƙasar da aka rubuta ba shiga a ƙofar gida, ɗaliba 'yar gari tana shiga har ƙuryar ɗaki, a shimfiɗa mata tabarma, a kira ta da sunan da kakarta ta sa mata. Abin da za ta faɗa a tsakar gida cikin rabin sa'a, rediyo zai shekara bai shigar da shi ba.

Misalai suna da yawa, kuma babu mai bukatar jari. Jarrabawar JAMB ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, alhali akwai 'yan matan ajin ƙarshe na sakandare a wannan yanki da ba su taɓa ɗora yatsa a kan madannai ba. Ɗalibai uku da kwamfutar aro guda ɗaya, cikin hutun mako uku, suna iya cire wa yara ashirin wannan tsoro, su kuma taya su cike takardun neman gurbi. Mai karatun ungozoma a Malumfashi ta san alamun naƙudar da ba ta gida ba ce, ta kuma san cewa matar da yoyon fitsari ya sa aka ware ta a bayan ɗaki tana da magani a asibitin Babbar Ruga da ke Katsina, inda aka daɗe ana wannan aiki. Faɗar wannan kaɗai ga wadda ba ta sani ba sadaka ce. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta ba da sanarwar cewa yara 652 ne suka rasu a cibiyoyinta na Jihar Katsina saboda tamowa a watanni shida na farkon 2025, kuma babban dalili shi ne ba a kawo su da wuri ba. Auna damtsen yaro da ɗan tef mai launi abu ne da ake koya cikin yini guda, kuma uwa ta fi yarda ta miƙa hannun ɗanta ga 'yar maƙwabta. Ga kuma matan da aka koro daga ƙauyukansu, suna zaune a kangwaye da gidajen dangi a cikin Faskari da Ƙanƙara da Funtuwa, da yawa mazansu sun rasu, 'ya'yansu sun bar makaranta. Wanda zai zauna ya rubuta sunayen yaran, ya bi su wurin hedimasta har a ba su benci, ya yi aikin da ya fi buhun shinkafar da za a raba a gaban kyamara.

Mutum ɗaya yana iya fara irin wannan, amma ba ya iya riƙe shi. Ɗaliba ita kaɗai idan ta tara yara a zauren gidansu, mako guda za a ce tana neman suna ne, ko kuma boko ya hau mata kai. Idan kuwa su shida ne, da takarda daga makaranta, sun gaida hakimi, sun gaida liman, sun nemi albarkar shugabar matan gari, magana ta canja. Kuma idan wannan ta gama karatu, wata na nan a aji biyu da za ta karɓa. Wajibi ne dai a yi hattara, domin taimako ba ya halatta ganganci. Kowace ta yi aiki a garin da take, inda aka san ta, a lokacin da mutanen gari suka ce hanya ta yi kyau. Babu ladan da ke cikin ɗaukar 'ya'yan mutane a cika mota a nufi ƙauyen da mazaunansa ma suka gudu.

Masu cewa duk wannan zai cinye lokacin karatu, a ba su amsa a taƙaice. Taron sa'a biyu a mako bai kai abin da waya ke ci a dare ɗaya ba. Wadda ta riƙe littafin kuɗin ƙungiya, ta rubuta wasiƙa zuwa ga shugaban sashe, ta tsaya gaban mutum talatin ta yi bayani muryarta ba ta rawa, ta koyi abin da babu shi a manhaja, kuma shi za a nema a wurinta ranar da ta zama shugabar makaranta ko mai kula da asibiti. Sharaɗi ɗaya ne, kowace ƙungiya ta rufe harkokinta idan jarrabawa ta matso, ta koma zauren bita.

Inda ƙungiyoyin ɗalibai mata na Arewa suka fi rauni shi ne bayan kammala karatu. Ana gama hidimar ƙasa sai aure ya raba su, wannan a Kaduna, waccan a Abuja, lambar waya ta canja, zumunci ya koma gaisuwar Salla. Alhali kuwa tun daga shekarun 1980 ake samun mata 'yan wannan yanki da suka yi karatu mai zurfi, suna nan a ajujuwan makarantun 'yan mata, da ɗakunan haihuwa na asibitoci, da ofisoshin ma'aikatu a Katsina, har da kujerun koyarwa a jami'o'i. Yawancinsu da za a ƙwanƙwasa musu ƙofa a ce ga wata yarinya daga garinku ta samu gurbi amma kuɗin rajista ya gagara, ba za su rufe ƙofar ba. Ba a ƙwanƙwasawa ne domin babu wanda ya san ƙofar. Aikin farko na duk ƙungiyar da ɗaliban Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa za su shiga ko su kafa, tun kafin a yi maganar kalar atamfa, shi ne a sayi babban littafi mai bango mai ƙarfi, a raba shi gida biyu. A gaba a rubuta sunan kowace tsohuwar ɗaliba, da garinsu, da inda take aiki. A baya kuma a rubuta sunan kowace yarinya 'yar ajin ƙarshe a makarantun sakandaren ƙananan hukumomin nan uku wadda malamanta suka ce tana da ƙoƙari, tare da sunan wanda za a je a roƙa a gidansu idan lokacin rajista ya zo.